Babbar Rigar Kawu a Fadamar Dundaye

Shekarar da gulbi ya cika ya shafe shinkafar fadamar Dundaye, ni ma ruwa ya kai wa sana'ata wuya. Ni mai hoto ne, ba ni da ubangida, duk inda aka kira ni sai in rataya kyamara in hau babur. Ina da ɗan shago kamar akurki a Ƙofar Atiku, inda nake wanke fasfo. Da can biki ba ya cika sai da ni. Da waya ta shigo, kowa ya zama gwani. Ka je ɗaurin aure, ka durƙusa kana daidaita haske, sai wani ya miƙo waya ta saman kanka ya rufe maka ango, kuma ya harare ka don ka tsaya masa a hanya. Har ta kai nakan wuni a shago ina goge gilashin kyamara, ba don ya yi datti ba, sai don hannuna ya sami abin yi.

Ana cikin haka wata jami'ar ƙungiyar agaji ta kira ni daga Abuja. Ta ce suna son hotunan manoman da ambaliya ta yi wa ɓarna, da hotunan ne manyansu za su zaɓi inda za a kai iri da taki da injin ban ruwa don noman rani. Tun ba ta rufe baki ba na ce na san wurin, kuma na san mutumin.

Mutumin kawuna ne, yayan Inna. Shi yake riƙe da gonar kakanmu a fadama, wadda ta faro daga wata tsohuwar tsamiya ta gangara har bakin gulbi. Inna ta rasu ba ta yarda an raba mata gadonta a ciki ba, ta ce a bar gonar a dunƙule. Shinkafarta ce ta raine ni. Duk kaka Kawu kan ɗoro buhu a kabu-kabu ya aiko mana birni, ko da na yi aure bai fasa ba. A shekarar nan ruwa ya kwana a kan shinkafar har ta ruɓe, rumbu ba komai, gidan kuwa cike da baki. Akwai wani attajiri daga birni da ya daɗe yana zagaya gonar. Kawu ya faɗa mini da bakinsa cewa in bai sami abin noman rani ba, to ba makawa sai ya sayar.

Saboda murna, na aika masa cewa gobe ina tafe ɗaukar hoto, ya tara maƙwabtan gona. Ban yi tunanin komai ba. A wurinmu ba a faɗa wa dattijo da kyamara kamar ɓarawo, sallama ake yi.

Na isa na kashe babur. Ga su nan jere, kowa ya ci adon sallah. Kawu ya sha babbar rigarsa ta shadda mai ruwan bula, wadda ba ta fita daga adaka sai da dalili, ga hula an karya, ga kwalli, ƙamshin turare har bakin hanya. An share gindin mangwaro an shimfiɗa tabarmi a kan tudu. Sun zaɓi wurin da kyau: ko ta ina ka ɗauka, ganye kore ne a bayansu, ɓarnar tana can gefe inda kyamara ba ta gani.

Na ce, “Kawu, da mun gangara cikin gonar.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Cikin laka? Da wagga riga? Ɗana, ɗauke mu nan. Baƙi za su gani, ba mu kai masu ƙazanta.”

Na ɗaga kyamara. Dattawa ne, a gaban jama'a, ni kuwa ɗan ƙanwa. Na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya yadda suke so, ƙirji a buɗe, ba mai murmushi, kamar masu shirin tafiya Makka. Daga baya na zaga ni kaɗai na ɗauki ruɓaɓɓiyar shinkafa ba mutum a ciki, na haɗa na tura, ina addu'a.

Washegari jami'ar ta kira. Ba muguwa ba ce, har dariya ta so yi ta danne. Ta ce maigidanta ya tambaya ko waɗannan su ne masu ba da gudummawar. Ta ce gona ba mutum ba ta motsa zuciyar kowa, mutum ba ɓarna kuma ba ya nuna buƙata. Suna son manomi a cikin gonarsa, da kayan aikinsa, da fuskarsa. In ban turo ba kafin ƙarshen mako za su koma wata ƙaramar hukuma, da wani mai hoton.

Na ajiye waya raina a ɓace. Na ji haushinta, mai zaune cikin sanyin ofis tana son ta ga hawaye kafin ta yarda akwai yunwa. Na ji haushin Kawu da rigarsa. Gona na shirin tafiya, shi yana ta karin hula! Amma can ƙasan haushin tsoro ne tsantsa. Na san mutanenmu. Mutum zai kwana da yunwa ya fito da safe yana sakace don kada maƙwabci ya gane. Rufin asiri shi ne abin da ya rage musu, ni kuma aikina ya zama in je in yaye shi.

Na sami Kawu a zaure bayan la'asar. Na cire takalmi na zauna ƙasa, na yi bayani, na sake yi. Na ce kayan gona kawai zai sa, waɗanda yake sawa kullum.

“Kullum ina sa su don Allah da gona,” in ji shi. “Ba don duniya ta kalla ba. Tun da nike ban taɓa miƙa hannu ga kowa ba. Yanzu so kaka in tsaya da tsumma, a kai ni garuruwan da ban sani ba, a ce ga mabaraci daga Dundaye?”

“Ba bara ba ne, Kawu.”

“To mi na na?”

Na rantse da Allah ban shirya kuka ba, amma sai ga shi. Na ce masa ni ba ni da abin da zan ba shi, da ina da shi da ban bari ya kai ga haka ba. Wannan kyamarar ita kaɗai gare ni. Na ce in gonar ta tafi, ban san inda zan nuna wa 'ya'yana in ce nan Inna ta kori tsuntsu tana yarinya ba.

Ya daɗe yana jan tasbaha. Har na fid da rai, na fara laluben takalmi.

“Taho gobe da an sallame asuba,” ya ce. “Kahin mutane su hita. Kai ɗai.”

Na zo. Ya fito daga gida sanye da babbar rigar nan, har na zaci ya canza shawara. Muka bi ta cikin gari yana gaisawa da masu dawowa daga masallaci. Sai da muka kai gindin tsamiya ya waiga hagu da dama, sannan ya tuɓe ta. A ƙarƙashi akwai tsohuwar taguwar gona, kafaɗa a yage, da wando da ya sha faci. Ya ninke rigar a hankali ya miƙo mini.

“Riƙe mani. Kar ta taɓa ƙasa.”

Na saɓa ta a kafaɗa. Haka na yi aikin nan, turarensa a hancina, warin ruɓaɓɓiyar shinkafa yana tasowa daga ƙasa. Ya shiga laka har gwiwa, ya sunkuya ya damƙo karan shinkafa baƙi ƙirin, yana ɗiga. Rana ta fara ɓullowa ta bayan gulbi, kuma Allah ya gafarta mini, ban taɓa samun haske mai kyau irin na safiyar nan ba. Hannuna ya san aikinsa ko da zuciyata ba ta so. Na ja da baya, na hau tudu, na buɗe gilashi har gonar ta shigo gaba ɗaya, tun daga tsamiya har bakin ruwa, shi kuma tsaye a tsakiya. Amma kansa a sunkuye yake, 'yan ƙungiya kuwa fuska suka ce.

“Kawu,” na ce, “ɗago kai.”

Ya ɗago. Bai dubi kyamara ba, ni ya duba. Na danna.

“Ka gama?”

“Na gama.”

Ya wanke ƙafa a wani ɗan kududdufi, ya karɓi rigarsa ya mayar, ya gyara hula. Muka koma gari.

Jami'ar ta yi ta sa albarka, ta ce hoton ya girgiza ofis, Dundaye ta shiga cikin wuraren da za a kai wa kaya. Na yi sujada a tsakar shago. Daga nan sai jira. In na kira, a ce ana kan shiri. In na sake kira, a ce kaya na hanya. Sanyi ya shigo, masu hali suka yi dashe, fadama ta yi kore ta ko'ina ban da gonar Kawu. Na zaga wurin 'yan uwa, kowa da tasa ɓarnar. Na kai kyamarar kasuwa, abin da aka taya ko rabin injin ban ruwa ba zai saya ba, na dawo da ita ina zagin kaina da masu tayin. Hatsi ya ƙare a gidan Kawu. Ranar da motar ƙungiya ta iso da buhunan iri, attajirin nan ya riga ya saye gonar, ya kafa turaku ya kewaye ta da waya.

Hoton kuwa ya yi tafiyarsa. Ya hau kalandar ƙungiyar, ya shiga wayoyin mutane, har wani ya nuna wa Kawu a kasuwa. Na ɗauke ƙafa daga Dundaye, don ban san da wane ido zan dube shi ba. Na wanke hotonsa na babbar rigar, babba, na sa shi a firem mai ruwan zinari, na jingina a shago ina jiran ranar da zan iya kai masa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga sallamarsa a ƙofar shago. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Na rasa inda zan sa kaina, na ba shi kujera, na kawo ruwa. Bayan gaisuwa ya ce hotonsa ya zo karɓa. Da sauri na ɗauko firem ɗin, na goge da hannun riga, na miƙa masa da hannu biyu.

Ya dube shi jim kaɗan, ya miƙo mini abina.

“Ba wanga ba, ɗana. Wanga ni ɗai a ciki, da mangwaron mutane. Wancan na laka nika so ka wanke mani, babba. Can na gonar tah hito duka.”