Goron da Shehu Jita Ya So Aikawa Ostireliya

Duk wanda ya san Shehu Jita a Kontagora ya san shi da biro a hannu, kuma ba rubutu yake yi ba. Kaset yake sokawa yana juya shi a iska don ya koma farko, wai kada rediyo ta shanye masa batir. Mai gyaran rediyo fa! Kuma kaset ɗin ɗaya ne tak.

Wani Bature ɗan Ostireliya da ya zo haƙar rijiyoyin burtsatse wajen Kaboji a shekarun tamanin ne ya bar masa shi. Kiɗan wasu samari huɗu ne na ƙasarsu: jita na kuka, ganga na dukan ƙirji, mawaƙin na ihu kamar an taka masa ƙafa. Shehu ya saurara sau ɗaya, shi ke nan, kansa ya juye. Ya fasa kwalbar maganin tari, ya zura yatsa a wuyanta yana goga wa jita har sai ta yi irin kukan nan. Ya jawo ni, Audu, ya ba ni ganga, ya zaro Bulus daga cikin mawaƙan cocinsu, muka zama ƙungiya.

Baturen kan aiko masa wasiƙa da yankan jarida, har Shehu ya haddace tarihin mutanen nan fiye da na kakanninsa. "Yaranmu" yake ce musu. Ran nan aka gayyace mu biki a Sahon Rami, fili ya cika, mata sun ci ɗamara suna jira. Sai gogan naku ya karɓi lasifika.

"Kafin mu fara, ya kamata ku san cewa a garejin mota yaranmu suka soma. Mai gangarsu na farko..."

Gwaggon amarya ta miƙe. "Malam, mai gangar nan dangin ango ne ko na amarya?"

"Hajiya, ɗan Ostireliya ne."

"To ka bari in ya zo ya gaya mana da bakinsa. Ku kaɗa mana."

Muka kaɗa, aka yi rawa har da tsofaffi. Ragowar tarihin kuwa ni da Bulus muka sha shi a bayan a-kori-kura har gida.

Tarihin nan ne ya raba mu. Wata Asabar muna gwaji a shagonsa ya ɗaga hannu. "Audu, kana gudu. Masu ganga biyu yaranmu suka kora a kan wannan."

Kun san ni da zuciya. Na ce, "To je ka Ostireliya ka ɗauko na uku." Na jefar da sanduna na fice. Shekara biyu cur ba ma magana, alhali katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Ina jin jitarsa da la'asar ba ganga a bayanta, abin na ci mini rai, amma na rantse ba ni zan fara ba.

Wata safiya Bulus ya shigo yana dariya har da riƙe ciki. Wasiƙa ta zo, yaranmu sun yi faɗa, ƙungiya ta watse. Shehu ya rufe shago, ya sayi goro ƙwarya guda, ya naɗe a ɗanyen ganye, ya sa Bulus ya rubuta takardar sulhu da Turanci, ya nufi gidan waya.

Ban san lokacin da na isa can ba. Na tarar ma'aikacin na lallashinsa. "Malam Shehu, wata uku a jirgin ruwa fa. Ƙwari ne za su ci goron nan."

Na ce, "Shehu, ba ka jin kunya? Mutanen da ba su san kana duniya ba za ka sasanta, ni da ke bayan gidanka ko sannu babu?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya juya wurin ma'aikacin. "Wannan shi ne mai gangar da ke gudu."

Na fita kafin in shaƙe shi.

Bayan la'asar na ji sallama. Ga Shehu a zaure da ƙunshin, adireshin Ostireliya na nan ɓaro-ɓaro a jiki. Ya ajiye a gabana yana kallon bango. "Gidan waya sun ƙi karɓa. Na ce kada ya lalace. Gwaji Asabar ne."

Na je, kuma na yi guduna, bai ɗaga mini hannu ba. Shekara tara muka ƙara muna kiɗa tare.

Sai a wurin zaman makokinsa ma'aikacin nan, ya tsufa, ya matso kusa da ni. Ya ce shi fa ya karɓi ƙunshin, har ya manna kan sarki. Wai ina fita daga gidan waya ran nan Shehu ya ce a dawo masa da kayansa, akwai inda aka fi bukatarsa.

Allah Ya jiƙan Shehu, Ya yafe masa, Ya haskaka kabarinsa. Yadda ya tako har zaurena bai bari mun rabu da gaba ba, Allah Ya sada mu a gidan da ba a ɓatawa. Amin.