Fostar Alhaji Bawa da Digirin Rahinatu

Akwai wata Talata da ban taɓa mantawa da ita ba a madaba'armu ta unguwar Nima, gab da zaɓen asambileman, wato wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma. Ku sababbin yara kuna ganin Anti Rahinatu a teburin gaba kuna tsammanin da ma can wurinta ne. Bari in gaya muku yadda ta samu kujerar nan.

Ni mai yankan takarda ne. Aikin fosta yana bin hanya ɗaya: a zana a kwamfuta, a fitar da gwaji ɗaya mai aiki ya gani ya yarda, a yi farantin bugu, Awudu mai kula da inji ya ɗora a inji, sannan a kawo mini in yanke gefe in ɗaure. Dokar Masta Sumaila, mai shagon, ita ce in inji ya tashi, ba mai tsayar da shi sai shi.

Rahinatu 'yata ce ta fari. Ta karanta kimiyyar siyasa a jami'a, ta gama hidimar ƙasa, ta dawo gida tana taya uwarta sayar da wake da shinkafa a Mamobi. Kawunta ya riga ya yi magana da wani ejan, dillalin aiki, zai kai ta aikatau ƙasar Larabawa, kuma na ba shi alkawari in shekara ta ƙare ba aiki, zan sa hannu. Na roƙi Masta ya ɗauke ta, ya ce da aikin akanta ta karanta, da tuni ya ba ta tebur, amma siyasa kowane mai shayi a Nima ya iya ta kyauta. Awudu kuwa ya taɓa ɗora kwafin takardar digirinta a sikelin da muke auna ragowar takarda. Allura ba ta motsa ba. Ya ce, "Baban Rahi, ko mai gyaɗa ba za ta saya ta ƙunshe gyaɗa ba." Na yi dariya tare da su, na koma kan wuƙata.

A ranar muna da babban aiki. Alhaji Bawa, mai sayar da kayan gyaran mota, ya tsaya takara, ya ba mu fosta da ƙananan takardu na rabawa. Ya zaɓi launukan jam'iyyarsa, ya sa alamarta a kusurwa, don mutane su san inda ya dosa. Inji ya fara gudu ke nan Rahinatu ta shigo da abincina. Ta ga gwajin a kan teburina, ta ajiye kwano, ta ɗauka ta daɗe tana kallo. Ni lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, har na ji daɗi na karanta sunan Alhaji da kaina. Ita ba sunan take kallo ba.

Ta rage murya ta ce, "Baba, wannan zaɓen ba na jam'iyya ba ne. Doka ta hana ɗan takara ya fito da alamar jam'iyya. In abokin hamayyarsa ya ɓalle fosta ɗaya ya kai hukumar zaɓe, ana iya cire shi."

Na tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce a kan zaɓen unguwanni ta rubuta aikinta na ƙarshe a jami'a.

Na tsorata, amma wani daɗi ya taso mini. Masta ya fita sayen tawada a Adabraka. Na je wurin Awudu na ce ya tsayar. Ya dube ni kamar na zare, ya tuna mini dokar. Na ce na ji, in laifi ne nawa ne, a cire takardar da ta ɓaci daga albashina. Ya danna maɓalli, shago ya yi tsit.

Masta ya dawo ya tarar da inji a tsaye, ya fara faɗa tun daga bakin ƙofa. Da ya gaji, na nuna masa Rahinatu. Ta yi masa bayani a natse, ta buɗe wayarta ta nuna masa wurin a dokar. Masta ya kira Alhaji Bawa. Alhaji ya zo da zafi, yana cewa ba yarinya ce za ta koya masa siyasar Nima ba. Sai Alhaji ya kira wani lauya ɗan'uwansa, ya sa wayar a fili kowa na ji. Lauyan ya ce kar ko ɗaya ta fita daga shago.

Alhaji ya zauna a kan damin takarda ya cire hula. Da ya dawo hayyacinsa ya tambaye ta to me zai sa. Ta ce ya cire launi da alamar jam'iyya, ya sa hoton kwatar da ya gyara a bayan masallaci, tunda ita mutane suke tunawa da shi. Kafin la'asar an yi sabon faranti.

Labari ya zaga unguwa. A makon nan 'yan takara daga Mamobi har unguwar Malam suka riƙa zuwa, kowa yana tambayar yarinyar da ke duba fosta kafin a buga. Masta ya sa aka share mata teburin gaba. Ranar Juma'a na je gidan kawunta na ce ya sallami ejan.

Ba zan ce muku digiri ya sa ta yi kuɗi ba. Albashinta na farko bai kai na Awudu ba, kuma sai da ta koyi lissafin takarda da farashin tawada kamar kowa. Abin da na koya shi ne, mu masu bugu muna kallon launi mu ga tawada, alhali wanda ya ba mu aiki rayuwarsa ya ɗora a kan takardar. Shago yana bukatar mutum ɗaya da ya san inda takardar za ta je bayan ta bar hannunmu.

Sikelin nan yana nan a bayan ƙofa. Awudu kuwa, har yau ba ya ɗora faranti sai ya leƙo ya ce, "Anti Rahi, kin duba?"