Kabarin Yayan Kakata

Ƙarfe huɗu da kwata na yammacin wata Laraba kakata ta ture kwanon kunu, ta ce ba za ta ƙara cin komai ba sai an gano mata kabarin yayanta. Na riƙe lokacin ne saboda ni ke rubuta sa'o'in shan maganinta a bangon littafina.

Yayan nata soja ne, ya tafi yaƙin basasa tana budurwa. Abin da aka faɗa wa gidanmu a Babura shi ne ya cika a hanyar dawowa, aka binne shi a Roni. Yanzu da ciwo ya kwantar da ita, sai ta riƙa ganinsa tsaye a bakin ƙofa da takalman soja, wai ba a yi masa salla ba.

Kawuna ya ce rikicin tsufa ne. Kwana biyu ruwa kawai take kurɓa. Ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai, na shiga mota.

A Roni na tsaya a ƙofar maƙabarta, tunda mace ba ta shiga. Na miƙa wa mai gadi takardar da na rubuta sunansa.

"'Yar boko, ai nan ba a rubuta suna. Leƙa ki gani."

Na leƙa ta kan katanga. Tudun ƙasa da fasassun tukwane, babu rubutu ko ɗaya. Tsofaffin kuwa damina ta baje su. A Kazaure na samu inda aka jera sunayen sojojin da suka rasu, na bi da yatsa sau uku. Babu shi. Ina kuka wani dattijo ya ce in nemi abokin tafiyar marigayin a Gwiwa.

Na tarar da tsohon a zaure, idonsa ɗaya ya mutu. Na durƙusa.

"Baba, kakata ba ta cin abinci. Don Allah ina kabarin yayanta?"

Ya daɗe yana murza carbi.

"Ba ya Roni, jikata. Ni na faɗi haka don mahaifiyarsa ta ji yana kusa."

"To an yi masa salla?"

"Can kudu yake, gindin wata bishiyar kwakwa. Mu uku muka yi masa, ni na ja. Hadari ya rufe sama, muka zauna da gawarsa har rana ta leƙo, muka gane gabas, sannan muka kwantar da shi. Ki faɗa mata haka, ta sha kununta."