Shekara Bakwai Bayan Habu: Ni Na Zaɓi Dutsen, Wani Ya Hau Da Shi

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Habu. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Tun muna yara a Damagaram muke tare, tare muka ƙetare teku muka zo Greensboro, tare muka yi shekaru muna ɗaukar kaya a sito ɗaya. Na fara da wannan ne domin a garin nan, idan aka ambaci Habu, ba sunana ake haɗawa da nasa ba. Cewa ake yi, "Habu, abokin tafiyar Dokta Kabiru." Duk lokacin da na ji haka sai haushi ya kama ni. Nakan yi istigfari, amma abin ba ya sauka.

Dokta Kabiru mutumin Kano ne, yana koyarwa a jami'a. Ba ni da wani mugun abu da zan faɗa a kansa, kuma na nema. Shi ya koya wa Habu hawan dutse. Ranar Asabar sai su nufi duwatsun da ke yamma da mu, su dawo da taɓo a takalma suna dariyar abin da ban gani ba. Habu ya sha cewa in zo. Ni kuwa an ce mini akwai macizai a dajin, gwiwata kuma ba ta son gangara.

Wata shekara suka ce duwatsun nan sun yi musu kaɗan, bakans ɗin bazara, wato lokacin hutu, suna son inda babu kwalta, babu waya. Son ran Habu shi ne dutsen Bagzan, can arewa da Agadas, amma hanyar ba ta da lafiya. Dokta ya kawo sunaye: Nepal, Peru, Maroko. Habu ya zo gidana a East Greensboro bayan la'asar, Dokta na biye da shi, ya zauna a ƙasa ya ce, "Sani, ina za mu?" Haka yake faɗa kullum, alhali ya san ko bakin gari ba zan raka su ba.

A firamare karatuna ya tsaya, amma tambaya ba ta ƙare mini. Nepal, na ji an ce iskar sama ba ta isar huhu, mutum ya kwanta lafiya ya kasa tashi. Peru, na ce wa zai yanka muku abin da za ku ci? A cikin ƙanƙara da me za a yi alwala, taimama kuma a kan wace ƙasa? Dokta yana ta amsa mini cikin haƙuri, irin haƙurin da ake yi wa yaro. Sai na yi tambayar da ta fi damuna: idan ɗayanku ya mutu a can, wa zai yi masa wanka, wa zai sallace shi?

Dokta ya ce, "Haba Malam Sani, yawo za mu, ba yaƙi ba."

Habu ya ce, "Ƙyale shi, Dokta. Wannan ko kasuwa aka aike mu sai ya tambayi inda maƙabarta take."

Sun yi dariyarsu, amma Maroko aka zaɓa, duwatsun Atlas, domin a can kowane ƙauye da limaminsa. A nan ma zaɓi biyu ne. Akwai ɓangaren da baƙi suka saba bi, mai masauki da alfadarai. Akwai kuma wani kwari can ciki, inda sai an yi doguwar tafiya kafin a ga mota. Ran Habu yana kan na cikin. Na ce a'a, na kusa da likita. Ya dube ni ya ce, "To, na ciki sai wata shekara." Ni na kai su filin jirgi.

Wata shekarar ba ta zo ba. Habun da na tsare daga ƙanƙara da ramuka, a wurin ajiye motoci na wani kanti ya faɗi, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da buhun shinkafa a kafaɗa. Zuciya ce. Wankan da na yi ta neman mai yi masa a Maroko, ni na yi shi a nan da hannuna. Dokta yana waje yana karɓar gaisuwa.

Tun daga nan, duk shekara idan aka taru addu'a a gidan Hajiya Mariama, matar marigayin, da an shafa sai wani ya ce, "Dokta, ba mu labarin dutsen nan." Sai ya gyara zama. Ya faɗi yadda Habu ya kira salla a kan tsauni muryarsa ta dawo masa, da yadda ya yi ciniki da mai alfadari da Larabcin makarantar allo har mutumin ya gaji ya dafa masa shayi. Daga ƙarshe ya faɗi yadda Habu ya yi hawaye da ya ga gari yana wayewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Ni da na san shi tun ba mu da wando, ban taɓa ganin hawayensa ba. Nawa labaran na sito ne da layin asibiti da wahalar takardu, ba mai neman su a taro. Wankan gawa kuwa amana ce, ba a ba da labarinsa. Sai in tashi in kama rarraba dabino.

Nakan tambayi kaina me Habu zai ce da ya ga yau. Yaran da muka hana zuwa ko bakin tafki, yanzu kowane wikend suna kan dutse, waya tana nuna musu hanya har da alƙibla. Ina jin cewa zai yi, "Sani, waya ta cinye rabin tambayoyinka, da me za ka rayu?" Na kuma san zai yi mini dariya, dattijo da furfura yana jin haushin labari.

Babbar 'yarsa Dije nas ce, tana zaune a Summerfield da mijinta. Watan jiya na ji a bakin mutane cewa za su je Atlas su ga inda ubanta ya taka, kuma wurin Dokta ta je neman shawara. Ni da na riƙe ragon sunanta. Abinci ya daina shiga mini. Ranar Juma'a sai ga ta ta yi sallama. Ta ce Dokta ya gaya mata shi ƙafa kawai ya bayar, mai zaɓen wuri yana East Greensboro. Ko wannan kirkin nasa sai da ya ba ni haushi, Allah ya yafe mini.

Yawanci da Turanci take amsa mini. Ranar nan kuwa ta zauna a ƙasa, ta lallaɓa Hausarta, ta kira ni Tonton, wato kawu, ta ce, "Tonton, ina za mu?"

Na ce, "Akwai wani kwari can ciki. Babanki ya so shi, bai samu ba."

"Dokta ya san wurin?"

"Bai taɓa taka shi ba." Ba zan ɓoye muku ba, da daɗi na faɗi wannan.

Ta ce, "An ce na cikin yana da nisa da likita fa, Tonton."

Na ce, "Ke ba nas ba ce?"

Ta yi dariya irin ta ubanta, har da dukan cinya. Kafin ta tashi na ji bakina yana cewa zan bi su har ƙauyen ƙarshe da mota ke tsayawa, in zauna a masallaci in jira su sauko. Tun ranar ban zauna ba. Na je likita ya duba gwiwar, na tambayi limaminmu hukuncin sallar matafiyi sau da yawa har ya fara kauce mini. Na sayi takalmin dutse, ina gwada shi a unguwa bayan asuba.

Hawayen Habu a kan tsauni na Dokta ne. Ba zan iya ƙwace masa su ba, kuma har gobe abin yana ci mini rai. Amma Habu bai taɓa ɗaura takalmi ya nufi nesa ba sai ya zo ya zauna a ƙasa ya tambaye ni, kuma wannan tambayar ce ya bari a bakin 'yarsa. Allah ya haskaka kabarinsa. Addu'ar baɗi, idan muna raye aka ce Dokta ya ba da labari, zan bar shi ya kai ƙarshe. Sannan in ajiye kwanon dabinon, ni ma in gyara zama.