Kafar Iska a Tagar Tsoho Geng

Shekarar da aka hana ƙona kwal a ƙauyenmu, Geng Shuanzhu yana da shekara sittin da tara, kuma daga bakin rafi har gindin dutse babu mai baƙin rai kamarsa. Wasu samari ne suka zo a mota, suka bi gida gida suna toshe bakin murhu da siminti, suna kafa wa kowane ɗaki farar hita ta lantarki mai haƙarƙari, don ɗumama ɗaki, a jikin bango. Ko ruwan zafi ba su tsaya sha ba. Da suka shiga gidan Geng, ɗayansu ya bubbugi gadon ƙasar da ke ɗakin da takalmi, ya ce aikin mutanen da ne. Bai san wanda ya gina shi ne tsaye a bayansa ba.

Ginin gado ne sana'ar Geng tun yana ɗan shekara sha shida. Yakan jera bulo yadda hayaƙin murhu zai bi lungu-lungu a ƙarƙashin mai barci kafin ya fita ta bututu, sannan ya shafe da laka. A hura wa gadonsa wuta da magariba, ya riƙe ɗumi har a dama kunun geron safe. Amma ba da gado aka fi saninsa ba, da wuƙa ne. Duk shigowar sanyi, da zarar mata sun gama liƙe tagogi, da takarda a da, da leda daga baya, sai ga Geng ya shigo babu sallama. Ya taka kujera, ya yanka kafa kamar faɗin tafin hannu a saman taga, ya sauko ya yi tafiyarsa. An zage shi, an bi shi da tsintsiya, ko gezau. Yaran yanzu sun ɗauka taɓin hankali ne, amma manya sun san dalili.

A da yana da 'ya, Qiaoling, mai shekara tara. A wani sanyi da har ruwa ya daskare randa ta fashe a tsakar gida, ya liƙe tagoginsa ruf, ya ƙara kwal, aka kwantar da yarinyar a gefen gadon da ke jikin murhu, wurin da ya fi ɗumi, wanda ake ba babban baƙo. Ashe gadon ya tsage a daidai nan, tsagar da ba ta kai kaurin zare ba. Da safe shi da matarsa suka tashi da amai da ciwon kai, suka rarrafa waje da jaririnsu. Ita ba ta tashi ba. Shekara talatin da huɗu ke nan, kuma tun daga ranar babu wanda hayaƙin kwal ya ƙara kashewa a ƙauyenmu. Babu kuma wanda ya taɓa ce masa an gode, abin da har yau yake ba ni haushi.

To, aka kafa hita, Geng ya yanka kafarsa kamar kullum. Iskar arewa tana shigowa ta sama, ɗumin yana fita ta nan, ɗaki ya zama kamar rijiya. Sai ya ɗora wa hita laifi. Kowace safiya ya tsaya a gabanta yana ƙare mata zagi, wai farar banza ce, ba ta iya ɗumama ko kyanwa ba, ƙullun burodi ma ya ƙi tashi a kusa da ita. Matarsa Tian Guizhi kuwa, wadda ɓarin jikinta na hagu ya shanye shekara biyu da suka wuce, tana kwance kan gadon da ya mutu, bargo uku a kanta, tana tari.

Maƙwabciyarsu Gwaggo Qu, bazawara mai bakin tsiya, takan leƙo ta katanga da 'yar shara a jikinta don kawai ya gani. Ta ce tata hitar har zufa take sa ta, ba toka, ba baƙin majina, ba tashi da asuba a fasa kwal.

«Kai dai, Geng mai wuƙa, ka ce sararin sama kake ɗumamawa. Tsuntsaye na gode maka.»

Ya ce mata ita da duk ƙauyen a akwatin gawa suke kwana, kuma ranar da za a fito da su shi ba zai kama ko ƙafa ba.

Ɗansu Wenbin, jaririn nan da aka rarrafo da shi, yana aiki a birnin Baoding. Ya zo ran wata Asabar da ɗan ma'aunin zafi a aljihu. Ɗakin uwarsa digiri takwas, ɗakin Gwaggo Qu sha tara, hita iri ɗaya. Ya ɗaga kai ya ga kafar, ya liƙe ta da salatif, ya yi wa ubansa dogon bayani da lambobi kamar yana karanta takardar magani. Motarsa ba ta kai bakin rafi ba Geng ya ɗauko wuƙa. Asabar ta biyu Wenbin ya tarar tarin ya sauka ƙirji, sai ya daina bayani.

«Baba, Asabar mai zuwa zan dawo. In na sami ramin nan a buɗe, da Inna zan tafi. Kai ka zauna da iskarka.»

Ba zan ce yaron ba shi da gaskiya ba. Amma hoton yayarsa na rataye a ɗakin nan tun kafin ya iya tafiya, bai taɓa haɗa hoton da tagar ba, kuma bai tambaya ba. Gidansa hawa na sha tara ne, ɗaki biyu, babu wurin tsoho. Geng ya san in aka sa Guizhi a motar nan, sai dai a dawo masa da tokarta, don a birni ƙona gawa ake yi. Ya kuma san in ya rufe kafar, shi ne zai sake kwantar da nasa a ɗaki rufe. Kwana uku yana zagaye tsakar gida yana zagin kaji.

Ran Laraba da hantsi yana ba ta kunu a baki, ta kawar da kai. Tun da ciwon ya same ta magana takan yi mata nauyi, amma ranar sai da ta fitar da ita tas.

«Tsohon nan, wannan abar ba ta cin kwal. Me zai fita ta ramin?»

Ya ce bai sani ba, wancan hayaƙin ma ai ba a gan shi ba.

«Shekara talatin da huɗu iska na sarar wuyana ban ce maka uffan ba. Kana tsammani kai kaɗai ka yi? Ni na dama kokon da ka liƙa takardar da shi. Ni na ɗauki yarinyar na kwantar a wajen ɗumin. Yanzu kuma so kake a kwashe ni kamar buhun masara a kai ni in mutu a sama, inda ko kabarinta ba na hangowa. Na gaji da sanyi, Shuanzhu.»

Ya aje kwanon, ya goya ta, ya kai ta gidan Gwaggo Qu, wadda ta ga fuskarsa ta haɗiye abin da ta so faɗa. Ya dawo ya liƙe kafar, ya tura tsumma a ƙarƙashin ƙofa, ya murɗa hitar har ƙarshe, ya hau gadon ya kwanta a gefen nan na jikin murhu, inda babu wanda ya ƙara kwanciya tun wancan sanyin. Haka yake gwada kowane gado da ya gina, da bayansa, kafin ya bari mai gida ya hau.

Ya kwanta yana jiran ciwon kai. Ya san yadda yake farawa, daga gefen ido, sai nauyin ƙafa. Rana ta take, ta karkata. Babu komai. Ƙanƙarar da ke jikin taga ta narke ta ɗiga. Ya cire rigar auduga, ya cire ta ciki. Ƙullun da ya manta a kwano kan kujera ya kumbura har ya ɗaga murfi. Hitar kuwa ko ƙara ba ta yi, tana ta aikinta, ba hayaƙi, ba wari, ba tsagar da mutum zai duba ya kasa gani.

Mun ɗauka in ya gane zai huce. Ina, a nan ne ma ransa ya ɓaci na gaske. Gwaggo Qu ta ji ƙarar duka ta katanga, ta ruga ta tarar da tsohon daga shi sai wando, zufa sharkaf, yana shurin hitar da ƙafa har fentin ya ɓare. Ashe abin da sauƙi haka. Waya ɗaya da ɗan maɓalli.

Wenbin ya zo ran Asabar, ma'auninsa ya nuna ashirin, uwarsa na zaune da bargo ɗaya tana ɓare gyaɗa da hannun dama. Ya yi murna, ya ce ai ya faɗa wa Baba tun farko na'urar tana da kyau, ya tambayi abin da ya loɓa mata gefe haka. Geng bai kalle shi ba. Hitar yake kallo, hoton na rataye a samanta.

«Kyau gare ta,» ya ce. «Tambaye ta ina take shekarar da randa ta fashe.»