Sha Biyu da Takwas

Duk wanda ya taɓa shiga zauren gidanmu a Garwa ya san Kaka Ɗanladi zai amsa maka sallama, amma ruwan sha sai bayan awo. Kafin ka zauna ya naɗe maka hannun riga, ya ɗaura maka injin awon jininsa, ya soma matsa 'yar robar nan, fus, fus, fus. Dokarsa ɗaya ce: "Wanda ake aunawa ya rufe ido, ya rufe baki. Leƙe yana ta da jini." Ku riƙe dokar nan, 'yan gidanmu, don a ƙarƙashinta na yi abin kunyar da nake ta haɗiyewa tun rasuwarsa.

Kun san Kaka ba likita ba ne. Keken marasa lafiya ya tura a asibiti har ya yi furfura. Ya ce a bakin ƙofar asibitin ya ga shanu sun shige, ya ga gonaki sun shige wajen biyan kuɗin jinya, babu wanda ya fito. Shi ya sa kullum yake cewa, "Asibitin gobe a zaure yake. Kowace unguwa inji ɗaya, tsoho ɗaya mai naci, shi ke nan an huta!" Tsoho mai naci kam mun samu.

Kun tuna ranar da Yaya Bashiru ya zo gaisuwar neman auren Anti Salamatu? Bawan Allah ya sha shadda, ya sha turare har ƙudaje na faɗuwa. Ya durƙusa ke nan Kaka ya cafke masa hannu.

"Sha bakwai! Kai yaro, da wannan jinin za ka riƙe mini 'ya?"

"Baba, tsoro ne."

"Tsoron wa?"

"Naka, Baba."

"To, je ka dawo ranar da ka daina tsorona."

Sau uku yana dawowa. A na ukun sai da Anti ta aika masa zoɓo mai sanyi ta bayan gida.

Ko ranar da ya ja ni famasi da ordonans, wato takardar maganin Inna matarsa. Mai shago ya ɗauko magani cikin kwali mai ƙyalli, har da hoton Baturiya tana dariya. Kaka ya juya shi, ya sake juyawa.

"Kawo ɗan'uwansa marar riga."

"Alhaji, wannan daga Turai yake."

"Kwalin za ta haɗiya? Ita wannan mai dariyar ai ba ta san Inna ba. Abin da ke ciki ɗaya ne, ba ni na arha."

Layi ya kai titi, kowa na dariya, ni kuwa na ja hijabi na rufe har hancina. Da muka fito ya ce, "Amarya, me ya sa kika ɓuya? Mijinki ya ci yaƙi!" Haka yake kirana, Amarya, ni kuma in ce masa Ango mai haƙori uku.

Gidan sauro fa? Ya je bakin Binuwai ya tarar da wani yana kamun kifi da gidan sauron da aka raba kyauta. Ya tsaya a kansa har mutumin ya ce "Useko, yi haƙuri Baba, ɗauki abinka," don dai ya rabu da shi. Kaka ya kai wa matar mutumin, ya ɗaura da hannunsa. An ce sauro bai shiga ba, amma kyanwoyin unguwa kaf a ƙofarsu suka tare.

To, ga nawa.

Kaka yana auna kowa, amma ba ya iya auna kansa, don dokarsa ta ce a rufe ido. Sai ya koya mini. Kowace safiya kafin in tafi lise, makarantarmu ta sakandare, zan ɗaura masa, in sa abin sauraro a kunne, in dubi allura. Wata safiya na ce masa, "Sha biyar." Wayyo! Ya sa na sake sau huɗu, ya sa na jira ya huta, na sake. Na makara, aka sa ni sharar filin makaranta cikin zafin ranar Garwa, ƙawayena suna leƙowa ta taga suna kirana Dokta Tsintsiya.

Washegari na ɗaura, na matsa fus, fus, ban ma dubi allura ba. "Sha biyu da takwas, Ango." Lambar mai lafiya ke nan. Ya yi murmushi, na wuce makaranta da wuri. Rana ta gaba ma haka. Daga baya ko abin sauraron ba na sa wa a kunne, idona na kan waya, nasa a rufe.

Sai abin ya yi masa daɗi. Ya riƙa tare mutane a hanyar masallaci: "Jinin saurayi gare ni, ku tambayi Amaryata!" Ya fito da gishirin da ya kulle wa Inna a akwati. Ya sayi kilishi. Rannan ya kira ni ya nuna mini kwalbar maganinsa babu ko ƙwaya. "Ba zan ƙara saye ba. Mai sha biyu da takwas me zai yi da magani?" Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna tsintsiya. Na rufe.

Kun san sauran. Ya faɗi a zaure bayan la'asar, injin na wuyansa. Aka tura shi a irin keken da ya tura wa mutane. Likita ta ce jinin ya daɗe a sama, ba yau ya hau ba. Baba, mahaifina, ya ce, "Ina! Kullum ana auna shi, sha biyu da takwas." Kaka ya juyo da idonsa kaina. Wallahi na so ƙasa ta tsage. Da bakinsa da ya karkace ya ce, "Injin ne ya tsufa."

Babur ɗin Baba ma ya shige ƙofar asibitin nan, bai fito ba.

Da aka sallamo shi, safiyar farko ya miƙo mini hannun da ke motsi. Na ɗaura masa. Ya rufe ido ɗaya, ya bar ɗaya a kan allura. "Amarya," ya ce, "an yi wa doka gyara." Bai ƙara ta da maganar ba, har Allah ya karɓi abinsa bayan damina.

Da na ci gaba da yin shiru. Amma Baba, sati biyu ke nan kana riƙe ƙeya kana cewa zafin rana ne, in na kawo injin ka ce in kai bola, wai shi ya yaudari mahaifinka. Baba, injin lafiyarsa ƙalau. Ni ce. Ka yi mini faɗan da Kaka ya hana ka yi, na cancanta. Amma gobe da safe ka ba ni hannunka na hagu, ka bar idanunka duka biyu a buɗe.

Allah ya jiƙan Kaka Ɗanladi. Yadda ya rufa mini asiri a gaban likita, ya Allah ka rufa masa nasa, ka sanyaya masa makwanci. Amin.