Kiɗan Ƙanƙara da Alkawarin Yaya

Wautata ta farko ita ce tabarau. Na aro irin na masu sululu a kan ƙanƙara wajen wani ɗan ajinmu, faffaɗa kamar gilashin mota, na ƙwama shi a cikin jirgin metiro tun daga Saint-Denis. Ya yi gumi, na daina gani, na wuce tashata. Ban damu ba, don na riga na gaya wa duk lisenmu, wato makarantarmu, har mai gadi, cewa ƙarshen wata zan hau dutsen ƙanƙara. Yaya ne ya yi mini alkawari.

Yayana ɗalibin jami'a ne, da maraice kuma yana koyar da tuƙin keke a wani gidan motsa jiki a Paris. Keken ba ya zuwa ko'ina. Mutane su shiga ɗaki mai duhu su yi ta tuƙi suna zufa, Yaya yana gaba yana daka musu tsawa, a tashi kowa yana inda ya fara. Mama ta ce da a Maradi ne, da tuni an nema musu rubutu.

Da sanyi ya kankama, ana ta nuna gasar wasannin ƙanƙara a talabijin, sai shugabanninsu suka ce kowane mai koyarwa ya shirya aji na musamman, masu keke su ji kamar su ne a gasar. Yaya kuwa in ya zaɓi kiɗa, har bango hamma yake yi. Sai ga shi a ɗakina yana murmushi.

"Ƙanena na kaina."

"Mi ka ɓata?"

"Kiɗa nake so. Reshenmu na Lyon sun ce in je in yi musu ajin ranar Asabar. Ka haɗa mini, mu tafi tare. Lahadi mu hau dutse, ka ga ƙanƙara ta gaske."

"Rantse."

"Haba, ni da kai? T'inquiète, kada ka damu."

Bai rantse ba, ni kuma ban lura ba. Ƙanƙarar da na sani ita ce ta Paris, wadda ke sauka fara da safe, kafin azahar ta koma kunun da aka tattake. Jin kalmar dutse kawai ya ɗauke mini hankali.

Zaɓen kiɗan keke daban yake da na biki, don ƙafa ce ke saurare. In ya yi sauri wurin hawan tudu, gwiwa ta yi kuka. In ya yi sanyi wurin gangara, mutane su fara tunanin tuwon dare. Ba ni da keke, amma asansar, na'urar hawa ta benenmu, ta mutu tun ina ƙarami, sai matakala ta zama filin gwajina. Kowace waƙa sai na hau da ita a guje. Wadda ta kai ni sama ban zagi kowa ba, ta ci. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta tambaye ni ko ƴan sanda ne ke bina.

Na fara da mai taushi, irin na masu rawa a kan ƙanƙara, don jiki ya ɗumama. Na bi shi da ganga mai nauyi ta masu doguwar tafiya cikin daji, sannan gangara, inda komai ke gudu kamar an saci akuya. Abu ɗaya ya rage, wato ƙarar ƙanƙarar kanta, wannan shuuu da ake ji in ɗan wasa ya karya kwana. Duk wadda na samu a intanet kamar rediyo ya rasa tasha. Wata rana ina kicin sai na ji ta a bayana: Mama ce ke juya shinkafa a tire tana tsince ta. Na kafa mata waya.

"Mi kake yi da shinkafata?"

"Aiki ne, Mama. Ƙara juyawa, da ƙarfi."

Ƙararrawar da ƴan kallo ke kaɗawa kuwa, murfin tukunya ne da cokali. Yaya ya saurara har ƙarshe ya ce ni ɗan baiwa ne. Sannan ya ce in rufe da wata waƙar soyayya mai jan ƙafa.

"Yaya, an gangaro daga dutse rai a hannun Allah, sai a faɗa soyayya?"

"Ta sauke numfashi ce."

"Ta sauke barci dai."

"Kana son dutse ko ba ka so?"

Na sa ta.

Asabar da asuba muka hau kar, wato babbar bas, zuwa Lyon. A ajin na samu keke a layin baya. Wallahi kiɗan ya yi aiki. Da shinkafar Mama ta taso, wani dattijon Bature ya sunkuyar da kai kamar iska za ta cire masa hula. Kaina ya kumbura har na ji tsoron ƙofa ba za ta ishe ni ba.

Sai waƙar ƙarshe ta shigo. Yaya ya daina tsawa, ya zuba ido kan keke ɗaya a layin gaba, inda wata mai shuɗin hijabi take, ya ce cikin makirufo, da Hausa: "Wannan taki ce." Mu uku kaɗai muka gane a ɗakin, kuma ni kaɗai abin ya ba mamaki.

Da aka tashi ta zo tana dariya. "Kai ne ƙanen? Yayanka gwani ne. Ya ce da kansa ya je dutse ya ɗauko ƙarar ƙanƙarar nan."

Na buɗe baki. Yaya ya taka mini ƙafa, ya raɗa mini: "Gobe." Na rufe bakin, har na gyaɗa kai.

Mun kwana wajen wani abokinsa. Da safe na sa wando biyu, safa kan safa, na fito kamar buhun gero. Yaya ya fito cikin shadda da hula.

"A haka za ka yi sululu?"

"Za mu biya mu gaida wani Alhaji ne. Yanzu-yanzu za mu fito."

Alhajin mahaifinta ne, mutumin Tahoua. Aka yi gaisuwa tun daga gajiya har kakannin da suka rasu. Falon da zafi kamar gidan burodi, ina ta narkewa cikin wanduna. Aka kawo shayi, aka kawo dambu, aka sake kawo shayi. Hajiya ta nuna mini taga ta ce in gari ya yi garau ana hango duwatsun daga nan. Ranar hadari ne ya rufe ko'ina.

Sai Alhaji ya dube ni. "Allah shi yi maka albarka, ɗana. Tun wancan makon mahaifiyarku ta kira, ta ce ba za ta bari ya zo gaisuwa shi kaɗai ba, sai da ƙanensa."

Har da Mama ke nan. Tana juya mini shinkafa, ta san komai.

A tasha na ga tikitin komawa a wayarsa, na la'asar ɗin ranar, kuma tun kafin ya shigo ɗakina ya saye shi.

"Ka san ba za mu je ba."

"Ƙanena, da na ce maka rakiya ce, za ka zo?"

"A'a."

"To ka gani."

Ya yi dariya ya dafa kafaɗata. Na sauke hannunsa, na nemi kujera nesa da shi har Paris.

Da bazara aka ɗaura aurensu. Dutsen kuwa ba mu je ba, a wannan sanyin ko na bayansa.